Ruwan da Ke Daskarewa da Ɗumin Jiki: Shekara Sittin Ana Neman Zaunar da Maganin Sankara Wuri Guda

A ranar 15 ga Afrilu, 2020, lokacin da hankalin duniya ya tattara kacokan a kan annobar korona, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ba da izinin sayar da wani magani mai suna Jelmyto. Labarin bai yi amo ba. Cutar da aka yi shi dominta ba ta cika yawa ba, wata irin sankara ce da ke tsirowa a kwarmin ƙoda, inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara mafitsara. Sinadarin da ke cikinsa kuma tsoho ne, mitomaisin, wanda masana a Japan suka tace daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa tun a shekarun 1950. Mazubin maganin ne sabo. Kafin a ɗura wa majinyaci, sai an tsoma sirinjin cikin ƙanƙara na aƙalla minti 10, domin da sanyi ne yake zama ruwa. Da zarar ya shiga jiki ya ji ɗumi, sai ya daskare.

Duk wanda ya taɓa buɗe tukunyar romon ƙafar saniya da sanyin asuba ya san abu mai kama da wannan. Romon da aka sha da dare yana malala, da safe ya zama curi mai rawa, ana iya yanka shi da cokali, alhali kusan dukkansa ruwa ne. Abin da ya faru shi ne, dogayen zarurruka na furotin da suka narko daga fata da jijiya sun sarƙe da juna sun zama raga, ruwan kuma ya maƙale a idanun ragar. Wannan shi ne abin da masana ke kira haidirojel, a nan kuma za mu taƙaita mu ce jel. Romo yana daskarewa da sanyi, ya narke da zafi. Na cikin sirinjin nan yana yin akasin haka, kuma an shafe shekara sittin, daga 1960 zuwa 2020, kafin a sami irinsa da hukuma ta yarda ya ɗauki maganin sankara ya riƙe shi a kan tsiron. Ilimin haɗa jel ɗin bai ɗauki wannan tsawon lokaci ba. Abin da ya ci shekaru, ya kuma ci kamfanoni, shi ne gano wane majinyaci ne da wane sashe na jiki wannan dabara za ta yi wa amfani.

Matsalar da aka gada daga fagen yaƙi

Maganin sankara na zamani daga guba ya samo asali. A yaƙin duniya na ɗaya likitoci sun lura cewa sojojin da gas ɗin mustad ya kashe, ɓargonsu ya ƙone, fararen ƙwayoyin jininsu sun ƙare. A watan Agusta na 1942, a Jami'ar Yale, Louis Goodman da Alfred Gilman da abokan aikinsu suka yi wa wani mutum mai sankarar kaluluwa allurar wani ɗan'uwan wannan gas a jijiya. Kumburin ya sauka cikin makonni, abin da ba a taɓa gani ba. Ɓargonsa ma ya sauka tare da shi. Cutar ta dawo, mutumin ya rasu kafin shekarar ta ƙare. Tun daga ranar, ɗaukacin fannin kimoterafi ya tsaya a kan awo ɗaya: nawa za a zuba a jini ya ishe kashe tsiron, bai kai ga kashe mai shi ba.

Maganin da aka zuba a jijiya ba ya tambayar hanya. Yana zuwa ko'ina jini ya je, ya faɗa wa duk ƙwayoyin halittar da ke saurin rarrabuwa, na gashi da na hanji da na ɓargo, shi ya sa zubar gashi da amai da ƙarancin jini suka zama tambarin jinyar. Ɗan abin da ya isa tsiron kuma ba ya daɗewa, hanta da ƙoda na kwashe shi cikin sa'o'i. Tun farkon ƙarni na 20 Bajamushen nan Paul Ehrlich ya yi mafarkin harsashi mai sihiri, maganin da zai nemo cuta da kansa ya bar lafiyayyen nama. Mafi yawan masu bincike wannan mafarki suka bi. Amma a 2016, da wasu masana a Jami'ar Toronto suka tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara goma na ƙananan ƙwayoyin da aka ƙera domin su kai magani ga tsiro ta cikin jini, sai suka tarar a matsakaici kashi 0.7 cikin 100 ne kawai ke isa, kuma a jikin dabbobin gwaji ke nan.

Akwai wata hanya da ba ta da ƙyalƙyali kamar ta Ehrlich: idan ka san inda tsiron yake, ka kai maganin can da hannunka, ka nemi abin da zai riƙe shi kada ya tafi. Tarihin jel tarihin wannan hanya ta biyu ne, kuma ya faro daga ido.

Firag, 1960

Otto Wichterle masanin sinadarai ne ɗan Cekoslobakiya, wanda ya yi suna da ƙera zaren roba irin na nailan a kamfanin takalma na Bata. A 1952, a cikin jirgin ƙasa, ya ga wani fasinja na karanta bayani a kan ƙarfen da ake dasawa a madadin ƙwayar idon da aka cire. Wichterle ya ga wauta a cikin sanya abu mai tauri a nama mai laushi. A ganinsa abin da za a dasa a jiki ya kamata ya yi kama da jikin, ya zama mai taushi, mai riƙe ruwa, wanda iska da gishirin jiki za su iya ratsawa. Shi da mataimakinsa Drahoslav Lím suka haɗa wata roba da ake taƙaita sunanta da HEMA, mai shan ruwa har kusan kashi 40 cikin 100 ba tare da ta narke ba. A 1960 suka buga gajeren rahoto a mujallar Nature, kuma daga wannan rahoto ake lissafa haihuwar jel ɗin da ɗan'adam ya ƙera domin jiki.

Kafin nan, a 1958, gwamnatin 'yan gurguzu ta riga ta kore shi daga jami'ar da yake koyarwa. Aikin da ya fi shahara da shi a teburin gidansa ya yi shi: a bukin Kirsimeti na 1961 ya harhaɗa wata na'ura da ƙarafan wasan yara da dainamon fitilar keke, ya juya wannan roba ya fitar da madubin ido mai laushi na farko, irin wanda ake mannawa a kan ƙwayar ido a madadin tabarau. Hukumomin ƙasarsa suka sayar da haƙƙin ƙirar ga wani kamfanin Amurka, National Patent Development Corporation, kamfanin Bausch & Lomb kuma ya fito da madubin kasuwa a 1971. Shi kuwa mai ƙirar, saboda ya sa hannu a wata takardar neman sauyi a 1968, an tuɓe shi daga shugabancin cibiyar binciken da ya kafa. Bai rasu ba sai da ya ga faɗuwar gwamnatin da ta tuɓe shi, aka kuma zaɓe shi shugaban majalisar masana kimiyya ta ƙasar.

Abin da ya haɗa madubin ido da sankara shi ne idanun ragar. Abin da ruwa zai iya shiga, magani ma zai iya zama a cikinsa, ya riƙa fita a hankali. A daidai wannan zamani, a can Amurka, wani matashin likitan tiyata mai suna Judah Folkman, yana aikin soja a rundunar ruwa, ya lura cewa wasu sinadarai na ratsa bangon robar silikon sannu a hankali. Shi da David Long suka buga wannan a 1964. Daga nan aka sami 'yan sandunan tazarar haihuwa da ake sakawa a ƙarƙashin fatar damtse, waɗanda a asibitocinmu ake kira ashanar fata. Sai dai an ɗauka cewa ƙananan ƙwayoyin sinadari ne kawai za su iya fita ta cikin roba. A 1974 wani injiniyan sinadarai, Robert Langer, ya shiga ɗakin binciken Folkman a Boston, inda ake neman abin da zai hana tsiron sankara janyo wa kansa jijiyoyin jini. Suna buƙatar abin da zai riƙa sakin manyan ƙwayoyin furotin na tsawon makonni a idon zomo. Cikin robobin da Langer ya gwada har da ta Wichterle. A 1976 suka nuna cewa abin yana yiwuwa, ko da yake Langer ya sha ba da labarin cewa buƙatunsa tara na farko na neman kuɗin bincike duk watsi aka yi da su.

Daga nan aikin ya rabu biyu, kuma wanda bai rarrabe su ba zai ruɗe da tallace-tallacen wannan fanni. Mazubin magani na iya yin aikin agogo, wato ya riƙa sakin magani cikin jini kaɗan-kaɗan domin a huta da allurar kullum. Yana kuma iya yin aikin shinge, ya tsare magani a wuri guda. Aikin agogo ya yi nasara da wuri, musamman a sankarar furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda ake danne ta da magungunan da ke kashe sinadarin mazakuta. A 1989 aka amince da Lupron Depot, allurar wata-wata. A 2002 aka amince da Eligard, ruwa ne da ke ƙanƙamewa a ƙarƙashin fata. A 2004 kuma aka amince da Vantas, ɗan bututu mai aiki shekara guda, wanda jikan jel ɗin Wichterle ne kai tsaye, domin kamfanin da ya yi shi reshe ne na wanda ya sayi haƙƙin ƙirar daga Firag. Aikin shinge ne ya ƙi.

Gwajinsa na farko mai ƙarfi a ƙwaƙwalwa aka yi, kuma dalilin a fili yake. Akwai shamaki tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke hana mafi yawan magunguna shiga, sankarar giliyobilastoma kuwa kusan kullum a bakin ramin da aka yanke ta take dawowa. Langer da Henry Brem, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Johns Hopkins, suka ƙera 'yan faifai kamar kwabo, ɗauke da maganin karmustin, ana jera har takwas a cikin ramin kafin a rufe kai. A gwajin majinyata 222 da cutar ta dawo musu, matsakaicin kwanan da suka ƙara ya tashi daga mako 23 zuwa 31. A 1996 aka amince da shi da sunan Gliadel. Mako takwas ba abin rainawa ba ne ga mai ciwon da iyalansa. Amma faifan ya koyar da darasi biyu masu ɗaci: sai an buɗe jiki kafin a saka shi, maganin kuma ba ya nisa da inda aka ajiye shi, 'yan milimita ne. Darasi na farko shi ya tura masu bincike neman abin da zai bi ta tsinin allura. Na biyu kuwa, da yawa sun yi kamar ba su ji shi ba.

Yadda ɗumi ke daskarar da ruwa

Tun a shekarun 1950 wani kamfanin sinadarai a jihar Michigan, Wyandotte, yake sayar da wasu sinadaran wanki da ake kira foloksama. A 1972 masaninsu Irving Schmolka ya bayyana cewa ɗaya daga cikinsu, idan aka narka shi da kauri a ruwan sanyi, yana zama jel a ɗumin fata, ya ba da shawarar a riƙa shafa shi a kan ƙuna. Sirrin yana ga ƙirar zaren. Kowane zare gaɓa uku ne: gefe biyu masu son ruwa, tsakiya kuma mai ƙyamarsa. Da sanyi, ruwa na lulluɓe tsakiyar nan ya rarrashe ta, zarurrukan suna yawo daban-daban. Da ɗumi ya ƙaru, lulluɓin ruwan sai ya warware, sassan da ke ƙyamar ruwa su ruga su cure da juna su zama 'yan dunƙule, masu son ruwan suna waje kamar gashin bushiya. Idan dunƙulen suka yi yawa sai su cushe, kamar kasuwa ranar jajibere, babu mai iya motsi. Shi ke nan ruwa ya tsaya. A mayar da shi cikin sanyi, cunkoson ya watse.

Foloksama na da aibi biyu a idon masu neman shinge. Jel ɗinsa ba shi da ƙarfi, ruwan jiki na wanke shi cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, kuma jiki ba ya iya farfasa zarensa. A Jami'ar Yuta, ɗakin binciken Sung Wan Kim, ɗan asalin Koriya, ya ɗauki aniyar gyara duka biyun. Suka maye gurbin sashen mai ƙyamar ruwa da irin robar da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da kansa, wadda jiki ke mayarwa sinadarai masu tsami ya ƙone su. A 1997 Byeongmoon Jeong da Kim da abokansu suka buga sakamakon farko a Nature, bayan shekara biyu kuma suka sami nau'in da ke ruwa a ɗaki, ya daskare a digiri 37, ya zauna makonni. Wani kamfani a Yuta, MacroMed, ya fito da irinsa da sunan ReGel, ya kuma zaɓa masa fasinja: fakilitaksel.

Zaɓin ya yi ma'ana. Fakilitaksel, wanda aka samo daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka aka kuma amince da shi a 1992, yana cikin magungunan sankara mafiya ƙarfi, amma ba ya narkewa a ruwa. Domin a iya zuba shi a jijiya sai an gauraya shi da wani sinadari da aka sarrafa daga man zurma, wanda shi kansa yana tayar wa wasu majinyata da borin jini mai haɗari. A cikin ReGel kuwa maganin na shigewa tsakiyar dunƙulen nan ya zauna daram, ya riƙa fita na kimanin mako shida. Aka sa wa haɗin suna OncoGel. A jikin dabbobi komai ya tafi daidai: magani jibge a cikin tsiro, kaɗan ƙwarai a jini.

Amma kafin OncoGel ya kai ga hukunci, wani ya riga shi faɗuwa. Kamfanin Matrix Pharmaceutical na Kalifoniya ya haɗa maganin sisfilatin da jel ɗin kolajin na shanu, ya ƙara adirinalin domin ya matse jijiyoyin jini kada su kwashe maganin. Aka riƙa cusa shi cikin tsiron masu sankarar kai da wuya da ta dawo bayan an gama duk wata dabara. A gwaji biyu da suka haɗa majinyata 178, tsiron da aka yi wa allura ya ragu sosai a kashi 29 cikin 100, a waɗanda aka ba jel marar magani kuwa kashi 2 ne. A takarda nasara ce. A 2001 kwamitin ƙwararru na FDA ya ƙi shi, domin kamfanin ya kasa nuna gamsasshiyar hujjar cewa mutanen sun sami sauƙin da za su iya ji a jikinsu, ga kuma zafi da gyambo a wurin allurar. Dunƙule ɗaya ya motse, cutar tana nan tana tafiya.

OncoGel ya bi ta hannun kamfanoni uku, daga MacroMed zuwa Protherics zuwa BTG na Ingila. Aka gwada shi a sankarar bututun abinci, ana cusa shi ta na'urar leƙa ciki, a kan kimoterafi da gashin da majinyatan ke karɓa kafin tiyata. A 2010 BTG ya dakatar da aikin, saboda ƙarin jel ɗin bai sa tsiron ya fi raguwa ba.

A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne, Gliadel ya riga ya faɗe shi. Magani na fita daga jel ne ta hanyar tsatsafa, tsatsafa kuwa ba ta da dogon zango. Tsiron ɓera bai fi ƙwayar wake ba, 'yan milimita sun ishe shi daga gefe zuwa gefe. Tsiron mutum na iya kai girman lemo, ga tauri, ga matsin ruwa a cikinsa da ke tunkuɗo abin da aka cusa. Sannan abin da ke kashe mafi yawan masu sankara ba tsiron farko ba ne, 'ya'yan da ya riga ya aika hanta da huhu da ƙashi ne, sankarar bututun abinci kuma na cikin masu saurin aikawa. An gina shinge mai kyau bayan awaki sun riga sun fita. Abin lura, jel ɗin da ya fi samun karɓuwa a fannin sankara a waɗannan shekaru ba ya ɗauke da magani ko kaɗan: SpaceOAR, da aka amince da shi a 2015, ana cusa shi tsakanin furostet da dubura domin ya raba su, kada gashin ya ƙona hanji, bayan watanni kuma ya narke.

Inda rauni ya zama amfani

Likitocin mafitsara sun daɗe da sanin jinyar wuri guda, domin mafitsara jaka ce mai ƙofa. Tun 1976 Alvaro Morales a Kanada ya nuna cewa ɗura rigakafin BCG a cikinta, wannan dai da ake yi wa jariranmu ya bar tabo a damtse, yana hana sankarar saman bango dawowa. Mitomaisin ma an daɗe ana ɗurawa, majinyaci ya riƙe fitsari na sa'a ɗaya ko biyu. Kwarmin ƙoda kuwa ba jaka ba ne, magudana ce. Duk abin da aka zuba, fitsari na gangarar da shi cikin mintuna. Saboda haka mutumin da ke da 'yan tsiro marasa zafin yaɗuwa a lungun da na'urar tiyata ba ta iya kaiwa, sau da yawa ƙodarsa gaba ɗaya ake cirewa tare da bututunta. Mafi yawan masu wannan ciwo tsofaffi ne, ɗaya ƙodar ma ba lallai ta zama lafiyayya ba, ƙarshen wasu na'urar wankin ƙoda.

Wani ƙaramin kamfani da aka kafa a Isra'ila a 2004, wanda daga baya ya koma UroGen, ya dubi wannan matsala ya koma ga tsohon foloksama na Schmolka. A nan duk aibinsa ya juye ya zama alheri. Jel ɗin da zai zauna mako shida a cikin ƙoda toshe ta zai yi, abin da ake so shi ne wanda zai cika kwarmin, ya bi kowane lungu, ya zauna sa'a huɗu zuwa shida yana sakin magani, sannan fitsari ya narkar da shi ya fita. Cewa jiki ba ya farfasa zaren ba damuwa ba ce, tunda ta magudana zai fice. Gajeren zangon tsatsafa ma ya isa, domin tsiron a saman bango yake, bai nutsa ba. Ana ɗura shi ta siririn bututu sau ɗaya a mako har mako shida, ana kuma gargaɗin majinyaci cewa fitsarinsa na iya yin shuɗi ko ruwan makuba, launin mitomaisin ke nan.

A gwajin da aka dogara da shi, majinyata 71 ne, tsiron ya ɓace gaba ɗaya a kusan kashi 60 cikin 100. Kyauta ba ta zo ba tare da farashi ba: fiye da kashi 40 cikin 100 sun sami tsukewar bututun fitsari, wasu sai da aka saka musu abin buɗe shi. Gwajin kuma ba shi da rukunin kwatance. An karɓe shi ne domin abin da ke ɗaya gefen ma'auni shi ne rasa ƙoda. Da kamfanin ya kai irin wannan jel mafitsara, inda akwai tiyatar kankare tsiro da ta daɗe tana aiki, sai muhawara ta yi zafi. A Mayu 2025 kwamitin ƙwararru ya ƙi shi da ƙuri'a 5 da 4, mafi yawa saboda rashin gwajin kwatance, amma a watan Yuni hukumar ta amince da shi da sunan Zusduri, bisa hujjar cewa tsiron ya ɓace a kashi 78 cikin 100 bayan wata uku, ga mutanen da suka gaji da komawa ɗakin tiyata.

Mai karatu a Sakkwato ko Kano zai so ya san ko wannan ya shafe shi, domin sankarar mafitsara ba baƙuwa ba ce a asibitocin koyarwa na Arewa. Amsar ba mai daɗi ba ce. Kaso mai yawa na wadda ake gani a wurinmu 'yar tsargiya ce. Tun 1911 wani likita a Alƙahira, A. R. Ferguson, ya danganta biyun, a 1994 kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya tsutsar tsargiya cikin tabbatattun masu haddasa cutar. Ƙwayayen tsutsar na maƙalewa a bangon mafitsarar yaron da ke wanka a madatsar ruwa ko aikin rani a fadama, su yi ta gurzar bangon shekaru, har ƙwayoyin halittarsa su sauya. Sankarar da ke fitowa daga nan wani nau'i ne dabam, mai nutsawa cikin tsoka, kuma galibi sai ta yi nisa ake zuwa asibiti, tunda fitsarin jini abu ne da aka saba gani tun ƙuruciya. Jel ɗin da aka yi domin tsiron saman bango ba shi da abin yi a nan. Abin da ya sauya lissafi a Masar shi ne yaƙi da tsargiyar kanta, musamman da ƙwayar firazikwantel: a babbar cibiyar sankara ta Alƙahira, wannan nau'i ya sauka daga kashi 78 cikin 100 na masu sankarar mafitsara a 1980 zuwa kashi 27 a 2005.

Masu binciken jel na yanzu sun sauya tambayar. Tun 1891 wani likitan tiyata a New York, William Coley, ya riƙa cusa ƙwayoyin bakteriya cikin tsiron majinyatansa, wani lokaci kuma har tsiron da ke nesa da wurin allurar ya narke, domin garkuwar jiki ta farka. Idan abin da ke cikin jel ɗin mai tayar da garkuwa ne, gajeren zangon tsatsafa ya daina zama cikas, tunda ƙwayoyin garkuwar ne za su zo wurin, su gane abokin gaba, su bi shi duk inda ya ɓuya. Tsare maganin wuri guda kuma na kare majinyaci, domin irin waɗannan sinadarai idan suka bazu a jini suna jawo zazzaɓi da kumburi masu haɗari. A 2018 ɗakin binciken Michael Goldberg a cibiyar Dana-Farber ta Boston ya ba da rahoton cewa sun yanke tsiron nono a jikin ɓeraye, suka ajiye jel mai ɗauke da irin wannan sinadari a cikin ramin, sai cutar ta ƙi dawowa a mafi yawansu, har 'ya'yan da ta riga ta aika huhu suka mutu. Da aka ba da sinadarin ta jijiya, ko aka zuba shi a ramin ba tare da jel ba, ba a sami wannan sakamako ba. Ɓeraye ne dai, kuma OncoGel ma ya warkar da ɓeraye. Goldberg ya kafa kamfani domin kai dabarar ga mutane, kuma sashen jikin da suka zaɓa domin gwajin farko shi ne mafitsara.